Dodon da Ka Kama, Na Wane Ne? Rigimar Masoya Pokémon da Abin da Ya Shafi Rano da Kibiya

Duk wanda ya leƙa gidan gem a Rano ko Kibiya zai tarar ƙwallo ce ke mulki. Samari na zagaye da allon PlayStation, janareta na ruri a waje, wanda aka ci ya tashi na gaba ya zauna. A wayoyin hannu kuwa wasannin harbi da ludo ne suka fi yawa. Pokémon, wasan kamun dodanni da tara su da ya fito daga Japan, ba shi ake yi wa layi ba, ko da yake fuskar Pikachu, ɗan rawayan nan mai jan kumatu, ta daɗe da isowa a jikin jakar makaranta da rigunan yara na gwanjo. Don haka mai karatu na da hujja idan ya ce ina ruwan mutumin kudancin Kano da cacar bakin da masoya wannan wasa ke yi a Tokyo da Landan. Ruwansa shi ne, duk rigingimun da suka yi da kamfanin da ke yinsa a shekarun nan, idan aka bi su har saiwa, kan tambaya ɗaya suke tsayawa: halittar da yaro ya kama, ya raina, ya sa wa suna, tasa ce ko ta mai wasan? Wannan tambaya ba ta tsaya kan Pokémon ba. Ita ce ke ƙarƙashin kusan duk wasan da ke shiga wayar yaranmu a yau, kuma a ganina da ita ya kamata iyaye da malamai su riƙa auna wasa, ba da jita-jitar da ake yaɗawa kan sunansa ko kamannin halittunsa ba.

Asalin wasan ba baƙo ba ne ga ɗan karkara. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro shi, an haife shi a 1965, ya tashi a Machida da ke gefen Tokyo lokacin da take da gonaki da kududdufai. Aikinsa yana yaro shi ne farautar ƙwari, har abokai suka yi masa laƙabi da likitan ƙwari. Da birni ya cinye filayen, aka zuba kwalta da siminti, sai ya nemi hanyar da yaran birni za su ɗanɗani abin da ya ɗanɗana. Yaron Tarai ko Lausu da ke fita kamun fara da kaka, wanda ya san bambancin babe da sauran fara, ya san farar tumfafiya ba a cinta, ya san daren da shinge ke fita bayan ruwan farko da ramin da gyare ke kuka, shi yana da ainihin abin da Tajiri ya rasa. Ilimin lura ne, da sanin suna, da sanin lokaci da wuri, da alfaharin nuna wa aboki abin da bai taɓa kamawa ba. Wasan kwaikwayon wannan rayuwa ne kawai aka zuba a cikin na'ura.

Kamfanin Game Freak ya fitar da wasannin farko, Ja da Kore, ranar 27 ga Fabrairu, 1996, a kan ƙaramar na'urar Game Boy ta Nintendo, da halittu 151. Dabarar da ta ɗaga shi ita ce an raba wasu halittun tsakanin kaset biyun, ta yadda babu mai iya cika kundinsa shi kaɗai. Dole ka nemi aboki, ku jona na'urorinku da igiya, ka ba shi naka ya ba ka nasa. Wasu halittun ma ba sa rikiɗa sai an yi musayarsu. A wancan tsari, kuɗi sau ɗaya kake biya, abin da ka kama yana cikin kaset ɗinka a aljihunka, kuma babu wanda zai aiko maka da saƙo daga nesa ya ce daga yau an canza doka. Gaskiya ne batirin cikin kaset na mutuwa bayan shekaru, komai ya goge, kuma halittun wasannin farko ba su iya tsallakawa zuwa Ruby da Sapphire na 2002 ba. Amma daga wasannin 2002 ɗin zuwa gaba, kamfanin ya buɗe hanyar da mutum zai riƙa ƙaura da halittunsa daga tsohon wasa zuwa sabo, zamani bayan zamani. An samu waɗanda suka kama halitta suna firamare, suka yi aure tana tare da su.

Wannan alkawari ne ya karye a watan Yunin 2019, lokacin da Junichi Masuda, ɗaya daga cikin jagororin Game Freak, ya bayyana cewa a sababbin wasannin Sword da Shield ba kowace halitta za a iya shigowa da ita ba. Da wasan ya fito ranar 15 ga Nuwamba, kimanin 400 ne a ciki daga kusan 890. Masoya suka yi ca. Kamfanin ya kafa hujja da cewa yawan halittun ya kai inda zana kowace da motsinta, da daidaita ƙarfinsu a fagen gasa, ya zama nauyin da ba zai ɗauku ba. Masu suka suka tono siffofin da ke cikin sabon wasan, suka nuna kamanninsu da na wasannin baya, suka ce ina sabon aikin da aka fake da shi? Wasu sun wuce gona da iri har da cin mutuncin ma'aikata, abin da babu hujjar da za ta wanke shi. Amma idan aka ware hayaniyar gefe, ƙorafin na da tushe. Halittar da ba ta samu shiga ba sai ta zauna a ma'ajiyar intanet ta Pokémon HOME, wadda aka buɗe a Fabrairun 2020. A lokacin da aka buɗe ta, kyauta guda 30 kawai take ɗauka, mai son ajiye har 6,000 sai ya riƙa biyan kuɗin haya. A ƙauyukanmu akwai al'adar ba da kiwo, mai akuya ya danƙa wa wata baiwar Allah ta kiwata, idan ta haihu a raba bisa yarjejeniya. Ɗan wasan yau matsayinsa bai kai na mai karɓar kiwo ba, domin shi ke wahalar, shi ke biyan kuɗin garke, kuma ko ɗan akuya ɗaya ba zai ja ya kai gidansa ba.

Masu kare kamfanin suna da magana mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa kasuwa ta yanke hukunci: Sword da Shield sun sayar da fiye da kwafi miliyan 26, Scarlet da Violet kuma da suka fito a Nuwambar 2022 sun sayar da miliyan 10 cikin kwana uku. Da a ce an cuci mutane, da sun ƙaurace. Sun ƙara da cewa halittun yanzu sun kai 1,025, kuma babu ma'aikatar da za ta iya ɗaukar wannan lodi har abada. Magana ta biyu na yarda da rabinta, aiki ne mai yawa. Ta farko kuwa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Scarlet da Violet sun fito da matsaloli bila adadin, hoto na sarƙewa, halittu na nutsewa cikin ƙasa, har Nintendo ta ba da haƙuri a fili cikin Disambar shekarar. Wato mutane sun saya kafin su gani. Wanda ya shafe shekara ashirin yana tara abu a wuri guda, sayen da ya yi ba shaidar gamsuwa ba ce, shaidar cewa ba shi da wurin zuwa ce. Da wani ƙaramin kamfanin Japan mai suna Pocketpair ya fitar da Palworld a Janairun 2024, miliyoyi suka ruga can cikin kwanaki, abin da ya nuna akwai ƙishirwar wani zaɓi. A Satumbar shekarar Nintendo da kamfanin Pokémon suka maka shi a kotun Tokyo kan haƙƙin wasu dabarun wasa. Kafin nan, a Maris 2023, an rufe shagon intanet na na'urar 3DS, wanda da shi ake sauke tsohuwar ma'ajiyar Pokémon Bank. Wanda bai riga ya sauke ta ba, halittunsa na tsofaffin wasanni sun maƙale ke nan.

Inda maganar ta fi kusanto mu shi ne Pokémon GO, wanda kamfanin Niantic na Amurka ya saki ranar 6 ga Yuli, 2016, ya kuma isa ƙasashen Afirka 31 a Oktoban shekarar. Shi a wayar hannu ake yinsa, kuma filin wasan shi ne garinku. Kana tafiya da ƙafa, halittu na ɓullowa a kan taswira, kana tsayawa a wasu wurare da ake kira PokéStop kana ɗibar kayan kamu. Sai dai waɗannan wurare ba daga sama suka faɗo ba. An gaje su ne daga wani tsohon wasan kamfanin mai suna Ingress, inda 'yan wasa, yawancinsu mazauna manyan birane masu wayoyi masu tsada, suka riƙa ɗaukar hoton gine-gine da alamomin unguwanninsu suna turawa. Binciken da masana suka gabatar a 2017 ya tabbatar da abin da 'yan karkarar Amurka da Turai suka daɗe suna kuka da shi, cewa wasan ya fifita birni a kan ƙauye. To, idan ƙauyen Turai na kuka, ina ga namu? Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai. Fadar Autan Bawo da duwatsun Rurum sun fi dubban gumakan lambun da ke kan wannan taswira tarihi da kwarjini. Amma ba tarihi ke sa wuri a taswirar ba, sai an samu ɗan wasan da ya kai mataki mai nisa, ya ƙona data da caji, ya tura hoto, wasu baƙi da ba su san wurin ba su duba su amince. Wasan da aka haifa saboda kewar karkara ya wayi gari ba ya ganin karkara.

Za a ce ai ƙofa a buɗe take, matasan Rano su dage su cika taswirar da kansu. Kafin a amsa kiran, a duba wa za a yi wa aikin. A lokacin annobar korona kamfanin ya sassauta, ya ninka tazarar da mutum zai iya taɓa PokéStop daga mita 40 zuwa 80, ya kuma fito da tikitin shiga yaƙin haɗin gwiwa daga gida. Mutanen ƙauye da naƙasassu suka samu sa'ida. A Agustan 2021 ya mayar da tazarar yadda take a wasu ƙasashe, sai da masoya suka tayar da ƙura ya janye. A Afrilun 2023 ya kusan ninka farashin tikitin, ya ƙayyade biyar a rana, wannan karon kuma kukan bai sa ya janye ba. A Nuwambar 2024 Niantic ta bayyana cewa tana gina wata babbar ƙirƙirarriyar basira mai gane wurare, da hotunan da 'yan wasa suka ɗauka. A Maris 2025 ta sanar da sayar da sashen wasanninta ga kamfanin Scopely kan dala biliyan 3.5. Waɗanda suka taka da ƙafa suka haɗa taswirar ba su ga ko sisi ba. Akwai kuma tambayar da mutanen gari ne kaɗai za su amsa, ko suna son masallacin Juma'a ko maƙabarta su zama matattarar masu farautar dodanni. A 2016 sai da masu kula da dandalin tunawa da harin nukiliya na Hiroshima da gidan tarihin kisan Yahudawa na Washington suka nemi a cire wurarensu daga wasan.

A nan Arewa, da zarar an ambaci Pokémon a gaban wanda ya san labarin, abin da zai fara tunawa shi ne fatawar Saudiyya ta Maris 2001, wadda ta haramta wasan da katunansa, da ta Sheikh Yusuf al-Ƙaradawi da ta biyo baya a shekarar. Manyan dalilan su ne caca, da koyar da ra'ayin Darwin na rikiɗar halittu, da alamomin wasu addinai da aƙidu a jikin katunan, zargin da Nintendo ta musanta. Hukunci na malamai ne, kuma ba aikin mai sharhi ba ne ya warware fatawa. Abin da mai sharhi zai iya shi ne ya bayyana yadda abin yake a zahiri, tunda hukunci kan bi siffar abin da aka yi wa shi. Rikiɗar da ke cikin wasan ba sauyawar jinsi cikin dubban shekaru ba ce. Halitta ɗaya ce ke girma ta sake kama. Caterpie tsutsa ce, ta zama Metapod a cikin kwanso, ta fito Butterfree da fukafukai, daidai yadda tsutsar ganye ke zama malam-buɗe-littafi, ko talibambam ya zama kwaɗo, abin da kowane yaron da ya taɓa wasa a bakin kududdufi ya gani da idonsa. Akwai wani ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi, wanda ba a cika ambata ba a nan, wato wasan ya ginu ne kan haɗa halittu faɗa, alhali shari'a ta hana zuga dabbobi su yi karo. Su kansu masu wasan sun san da wannan suka, har suka gina labarin Black da White na 2010 a kan wata ƙungiya mai neman a 'yanta halittun. Bambancin dai shi ne a nan babu rai da ake cutarwa, kuma yaron da ke ganin karon raguna ko na zakaru a zahiri ya fi buƙatar a ja masa kunne.

Dalilin caca shi ne wanda lokaci ya gaskata, har ya zarce yadda aka zata a 2001. Wasannin farko suna da gidan caca a cikinsu, da injinan jefa sulalla, a birnin Celadon. Ƙa'idojin tantance wasanni na Turai suka tilasta cire injinan daga 2009, daga baya aka daina sa su gaba ɗaya. Sai dai an cire hoton caca ne, aka bar ruhinta a wani wurin. Katunan Pokémon, da aka fara bugawa a Oktoban 1996, a ƙunshi rufaffe ake sayar da su. Ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, wataƙila tarkace, wataƙila kati mai darajar mota. Wani ɗan YouTube na Amurka, Logan Paul, ya mallaki kati ɗaya na Pikachu a 2021 kan abin da ya haura dala miliyan 5, kuma irin wannan labari ne ke sa wasu yage ƙunshi bayan ƙunshi. Ranar 30 ga Oktoba, 2024, aka kawo wannan tsari cikin waya da manhajar Pokémon TCG Pocket. Ana ba ka ƙunshi biyu kyauta a rana, idan ka ƙagu ka biya. Ba a sake ta a Beljiyam da Holan ba, ƙasashen da suka tsaurara kan irin wannan ciniki. Hukumar caca ta Beljiyam tun 2018 ta ce ƙunshin sa'a da ake saye da kuɗi a wasannin bidiyo caca ne. Masu kare tsarin na cewa ai mai saye ba ya tashi a tutar babu, ko yaya zai samu kati. Malaman fiƙihu sun daɗe da amsa irin wannan a babin cinikin garari, inda suka hana sayar da kifi yana ruwa ko tsuntsu yana sama, domin jahilcin abin da aka saya shi ne illar. A katin waya kuwa an ƙara wata, ko ka dace da mai tsadar, yana rumbun kamfani, ranar da aka rufe manhajar ya tafi.

Wani abin lura shi ne Scopely, wanda ya sayi Pokémon GO, mallakar Savvy Games ne, shi kuma mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya. Wani zai iya ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa maganar haramci ta ƙare. Ban yarda ba. Jarin gwamnati daban, fatawar malamai daban. Abin da cinikin ya nuna kawai shi ne sunan Pokémon yanzu rumfa ce da ta rufe abubuwa mabambanta. Akwai tsohon wasan da yaro zai buga a wayar Itel ko Tecno ba data ba biya, wanda ke sa shi karatu da lissafi da haƙuri. Akwai na taswira mai cin data yana kwasar bayanan wuri. Akwai na kati mai koya wa zuciya jiran sa'a. Wanda ya haɗa su ya yi musu hukunci ɗaya, ko dai ya hana mara illa, ko ya halatta mai illa. Tsohon wasan ma yana da nasa tabo, domin yawancin kwafin da ke yawo daga waya zuwa waya ba na halal ɗin kamfani ba ne. Sai dai a duba farashi: a 2024 sabon wasa na na'urar Switch ta Nintendo dala 60 ne, wanda a canjin ƙarshen 2024 ya kai wajen naira 90,000, alhali mafi ƙarancin albashin da Kano ta amince da shi a lokacin naira 71,000 ne, ba a ma zo maganar kuɗin na'urar ba. Kamfanin bai taɓa sa ɗan manomin Kibiya a lissafin masu sayen kaset ba. Ta ƙofar kyauta ake nemansa, kuma ƙofar kyautar ita ce mai ƙunshin sa'a.

Shi ya sa nake ganin muhawarar ta riga ta iso gida ko da sunan Pokémon bai iso ba. Wasannin harbi da na ƙwallo da ke wayoyin samarinmu, irin su Free Fire da eFootball, su ma da wannan dabara suke cin riba: shiga kyauta, sannan a juya a ga abin da zai fito, ko riga, ko bindiga, ko shahararren ɗan wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamar da ta ba da ita ce wasa ya rinjayi karatu da aiki da barci, ba yawan dodannin da ke cikinsa ba. A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a Kano, a Nuwamba kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin na jihohi ne. Shago yana da ƙofa da za a sa wa kwaɗo, yana da mai shi da za a kira ofis. Ƙunshin da ke cikin waya a ɗakin soro yake buɗuwa da tsakar dare, kuɗinsa na fita ta asusun banki ko ta hannun dillalan da ke sayar da sulallan wasa a WhatsApp. Tunda kotu ta danƙa hurumin a hannun jiha, majalisar dokokin Kano ce ke da ikon fayyace ko irin wannan ciniki ya shiga ma'anar caca, kamar yadda Beljiyam ta yi, kuma wakilan Rano da Kibiya da Bunkure suna da kujera a zauren da za a yanke wannan magana.